Kusurwoyin karatu da lissafi a ajin share fage: a riƙa juya yara ko su zaɓa da kansu?

Sabuwar Malama: Assalamu alaikum. Yara 28 gare ni 'yan shekara 5, kuma ni kaɗai ce a aji, babu mataimakiya. Ina so in raba su kusurwoyi su yi aikin haruffa da lissafi da kansu, ni kuma in zauna da rukuni ɗaya a teburina. In riƙa juya su da ƙararrawa ne, ko kowa ya je inda yake so?

Mai Alli: Wa alaikumussalam. Ki yi rukuni shida, huɗu masu yara biyar, biyu masu huɗu. Kusurwa biyar ke nan da teburinki: tiren yashi don rubuta harafi da yatsa, yumɓu don gina haruffa, haɗa hoto da harafinsa na farko, littattafan hoto, sai katin gida goma, wato layi biyu masu gida biyar-biyar, a riƙa cika su da murafen kwalba. Minti 20 kowace. Mataimakiyarki ta riƙa zagayawa.

Sabuwar Malama: Malam, ai na ce babu mataimakiya.

Tsohuwar Malama: 'Yata, kada ki kuskura ki buɗe biyar rana guda. Abin da ke kashe tsarin nan ke nan, har malama ta koma kan allo tana cewa ba ya aiki. Yaro bai san inda zai mayar da kaya ba, yashi ya shiga yumɓu, katin lissafi ya gauraye da na haruffa, kowa na kiran "Malama, na gama", rukunin da ke gabanki kuma bai samu komai ba. Kusurwa ɗaya ake gabatarwa. Ki nuna yadda ake ɗauka, a yi, a tattara, su gwada kina kallo kwana biyu ko uku, sannan ki ƙara ta biyu. Kuma kada ki sa abin da ba ki riga kin koyar ba, domin kusurwa wurin maimaitawa ce. Minti 20 ma ya yi yawa a farko, 8 zuwa 10 ya isa.

Mai Alli: Hajiya, minti 10 ai a ɗauko kaya da mayarwa za su ƙare.

Tsohuwar Malama: Sai in kayan ba su da mazauni. Kowace kusurwa kwando ɗaya, launi ɗaya, hoton abin da ke ciki a manne a gaba. Wanda ke duba aji yana wucewa daban yake da mai yini a cikinsa.

Mai Alli: Duba ajin ne ya sa na ga tsari iri-iri, ba ɗaya ba.

Malamar Lissafi: Ku bar wannan. Malama, ki sa aikin ya gyara kansa: ɗigon launi iri ɗaya a bayan hoto da bayan harafinsa, yaro ya juya ya gani ko ya dace. Kada b da d su haɗu a kwando ɗaya da wuri, suna rikita su. Abin ƙirga kuma ya fi ƙarfin baki da hanci, kada ki sa ƙananan duwatsun ado. A farkon zango ƙararrawa ta fi, domin in an bar su, rabin aji yumɓu za su nufa, wani yaron ya yi wata bai taɓa lissafi ba.

Baban Aji: Ki tanadi murafai ninki biyu. Aljihun ɗan shekara biyar ya fi kowane kwando cika lokacin tashi 😄

Malamar Nazare: Duk wannan mai sauƙi ne. Me za a nuna wa shugaban makaranta da iyaye? Yaro ya gina harafi goma da yumɓu, an murje, littafinsa fari fat, sai a ce ba a koyar da komai.

Malamar Lissafi: Takarda ɗaya mai sunayen yara, ki sa alama duk wanda ya ƙirga daidai har goma, ki ɗauki hoton aikin kafin a murje.

Malamar Nazare: Da wane hannun, ita da ke zaune da rukuni? Kuma shafuka cike da jan biro suke so su gani, ba alama ba.