Neman kalma: sunan hanyar da daimon ke bi ya fito daga ƙarƙashin ƙasa

Malamin Jogarafi, Taura:
Assalamu alaikum. Ana shirya darasin duwatsu da Hausa don 'yan sakandare, an cije a kan abin da littafi ya kira kimberlite pipe. Kalmar farko ba wuya, sunan wani dutse ne, kimbalait za a rubuta, tunda daga sunan garin Kimbali na Afirka ta Kudu ta samo asali, inda aka yi rububin haƙar daimon a 1871. Ta biyun ce matsala. In an ce bututu, na famfon tuƙa-tuƙa yaro zai hango.

Malama mai Kimiyya, Ringim:
Wa'alaikumus salam, Malam. Kafin nan, kada a rubuta lu'ulu'u a darasin. A Larabci lu'ulu'u shi ne wanda ake cirowa daga cikin wata halittar teku, wannan kuwa almas suke ce masa. Mu ne muka haɗe su a suna ɗaya. A aji a bar shi daimon.

Injiniya, Kazaure:
Bututu bai dace ba, don abin ba kogo ba ne, cike yake da dutse. Kuma ba a cikinsa daimon ke samuwa ba, ɗauko shi kawai dutsen ya yi. Daimon zallan kabon ne, sinadari ɗaya da bakin fensir, jerin ƙwayoyin ne ya bambanta. Yana ƙulluwa a zurfin kilomita 150 zuwa 200, kamar a ce daga Kano zuwa Katsina amma a tsaye. Zafin wurin digiri 900 zuwa 1,300 ne, dannawar kuma ta ninka ta iskar da muke ciki sau 45,000 zuwa 60,000. Sai biyun sun dace: in zafi ya yi yawa dannawa ta gaza, bakin fensir ake samu. Shi ya sa sai a ƙarƙashin tsofaffin sassan nahiya masu saiwa mai kauri, waɗanda ba su kai kewayensu zafi ba, irin na Botswana, Sabiriya, Kanada da Saliyo.

Baba Mai Rijiya, Ɓaɓura:
Injiniya, ba cewa ake yi gawayin kwal ne ya sha danniya ya koma daimon ba?

Malama mai Kimiyya:
A'a, Baba, zance ne kawai ya yaɗu. Kwal, irin na Inugu, ragowar tsirrai ne, kuma bai wuce zurfin 'yan kilomitoci. Tsirrai ba su cika shekara miliyan 500 a doron ƙasa ba, alhali yawancin daimon ya kai shekara biliyan 1 zuwa 3.5. Batun suna kuwa, ni dai mazurari na kawo. Siffar kenan: baki mai faɗi a sama, yana tsukewa yana yin ƙasa, kamar karas.

Malamin Jogarafi:
Wani ya turo mini jijiya, wai haka masu haƙar zinariya ke faɗa.

Injiniya:
A ajiye jijiya, za a buƙace ta. Akwai kimbalait da ke cika tsagar dutse ya miƙe siriri, wannan ita ce jijiyar. Mazurari ya kama siffa, amma ya juya aikin, don da shi ƙasa ake zuba abu. Nan kuwa narkakken dutse ne mai cike da iskar gas da tururi ya taso a guje, cikin awoyi ko 'yan kwanaki ya keto wannan nisan, yana yagar duwatsun hanya har da masu daimon a jiki. Da ya kusa fitowa gas ɗin ya fashe kamar an girgiza lemon kwalba an buɗe, fashewar ce ta buɗa bakin. Saurin nan shi ne komai. In ya yi jinkiri, daimon ya cinye a cikin narkakken dutsen ko ya rikiɗe ya koma bakin fensir. A cikin wuraren kimbalait ɗari, da ƙyar ake samun ɗaya da haƙarsa za ta biya. Ko mai kyaun ma, sau da yawa tan guda na dutse ba ya ba da karat ɗaya, wato giram 0.2.

Baba Mai Rijiya:
To ku malamai, ba ku ne kuke cewa dutse mai aman wuta ba? Amai ta ina yake bi in ba ta maƙogwaro ba? Abin da bai fita ba kuma nan ya maƙale ya daskare.

Malama mai Kimiyya:
Wallahi Baba ya fi mu. Na janye mazurari, sai dai wajen kwatanta siffa.

Injiniya:
Ranka ya daɗe, ta zauna. Maƙogwaron kimbalait. Har sassansa ma sun samu suna: baki a sama, maƙogwaro a tsakiya, saiwa a ƙasa. Malam, ka ƙara musu yadda ake gane shi. Samansa ruwa da iska sun ruɓar da shi ya zama ƙasa ruwan ɗorawa mai marmashewa a hannu, a ƙasa kuma dutse ne mai tauri, shuɗi-shuɗi. Masu bincike ba daimon suke fara nema ba, ya yi ƙaranci. Ƙananan tsakuwoyin da ke tafiya tare da shi suke tankaɗowa daga yashi, wasu ja jawur, wasu kore, wasu baƙi masu ƙyalli. A hamadar Kalahari, inda rairayi ya binne komai, gara ce ta riƙa fito da irin waɗannan tsakuwoyi a jikin suri, aka bi sawu. A Botswana an gano maƙogwaron Orapa a 1967.

Malamin Jogarafi:
Yara za su kawo mini farin dutsen ƙanƙara su ce yana yanka gilashi.

Injiniya:
Zai yanka mana, taurinsa 7 ne a ma'aunin da daimon ke da 10, gilashi bai wuce 5 da rabi ba. Ka sa su ƙirga gefe. Ƙanƙara doguwa ce mai gefe shida da tsini a kai. Daimon yakan zo da fuska takwas, kamar dalar Masar biyu da aka haɗa gindi da gindi, kuma in girmansu ɗaya ya fi ta nauyi a hannu.

Malamin Jogarafi:
Ga yadda na rubuta: "Daimon yana ƙulluwa a can ƙarƙashin saiwar nahiya, aman wuta ne ke ɗauko shi ya bar shi a maƙogwaron kimbalait." Malama, duba mini ƙa'idar rubutu kafin a buga.