Idan Aka Tono Mai a Gonarka, Arziki Ne Ko Jidali?

Alhaji na Dawanau: Salamu alaikum. Jiya wani ɗan Gombe da ya kawo mana wake ya ce mutanen Kolmani sun yi sallama da talauci, ni kuwa na ba shi gaskiya. A 2022 Buhari da kansa ya je Kolmani ɗin, a iyakar Bauchi da Gombe, ya ƙaddamar da haƙar man. Dokar man fetur ta 2021 kuma ta wajabta wa kamfani ya ware wa garuruwan wurin kashi 3 cikin 100 na abin da ya kashe kan aiki a shekarar da ta wuce. Wane buhun wake ne zai ba manomi haka?

Malama: Wa alaikumus salam. Alhaji, a gafarce ni, a tambayi mutanen Oloibiri a yankin Neja Delta, inda aka fara samun mai a 1956. A 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce gyaran ƙasar Ogoni, wadda malalar mai ta gurɓata, zai ci shekara 25 zuwa 30. A garin Ogale da ke can an auna ruwan rijiya, aka tarar da sinadari mai jawo ciwon daji ya ninka ƙa'ida sau 900. Ruwan da ake dama wa yara koko da shi fa!

Injiniya: Malama, wancan zamani daban. Yanzu akwai NOSDRA mai bin diddigin malalar mai, akwai NUPRC mai sa ido kan haƙar mai, kuma tun 1992 doka ta ce sai an yi nazarin illar aiki ga muhalli kafin a soma. Rijiyar mai ɗaya ma fili kaɗan take ci.

Kawu: Ɗana Injiniya, doka kake kira? Na yi noman rani a bakin kogin Challawa har gemuna ya yi fari. Wata safiya ruwa ya zo ja, wata safiya baƙi, da wari kamar an jiƙa fata, daga masana'antun jima. Ka shiga ban ruwa, ka kwana kana susar ƙafa, latas ya yi yaushi tun kafin 'yan 'Yankaba su zo saye. Doka tana nan a lokacin. Ban taɓa ganin ta a gonata ba.

Lauya: Ranka ya daɗe Alhaji, akwai gyara. Man da ke ƙarƙashin gonarka na gwamnatin tarayya ne, ba naka ba. Kashi 13 cikin 100 na kuɗin mai da ake mayar wa jihar da aka haƙo shi kuwa, baitulmalin jiha yake shiga. Kai diyya za a ba ka, yawanci ta shuka da bishiya da gini, kuma mai gonar gado da ba shi da takarda shi ya fi shan wuya. Kashi 3 ɗin ma da sharaɗi: in aka fasa kayan aiki a yankinku, daga asusunku za a cire kuɗin gyara.

Alhaji na Dawanau: To, wannan ban sani ba. Amma dai ba za a bar arziki a ƙasa don tsoro ba. Titi da wuta da aikin yi fa?

Malama: Ba wanda ya ce a bari. A auna ruwan kowace rijiya da ƙasar kowace gona kafin injin farko ya iso, a damƙa wa mai unguwa sakamakon a rubuce, da Hausa. In ba haka ba, ranar da ruwa ya ɓaci cewa za a yi dama haka yake.

Kawu: 'Yata, wa zai biya kuɗin awon? In kamfanin ne zai biya, ni dai a ba ni tawa kwalbar in kai Jami'ar Bayero da hannuna.