Dokar SB 53 ta Kalifoniya: shin jiha ɗaya za ta iya tsare al'umma daga haɗarin ƙirƙirarriyar basira?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu kan dokar SB 53 a watan Satumba na 2025, shekara guda bayan ya ƙi amincewa da SB 1047, wani ƙudurin doka da ya gabace ta kan haɗarin ƙirƙirarriyar basira. Malamai, me sabuwar ta ƙunsa, kuma me ya sa jiha ce ke wannan aiki maimakon gwamnatin tarayyar Amurka?

Malamin jami'a: Wa alaikumus salam. Dokar, wadda Sanata Scott Wiener na majalisar dokokin jihar ya gabatar, ta wajabta wa manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira da kuɗin shigarsu ya haura dala miliyan 500 a shekara su wallafa tsarinsu na kauce wa haɗari, su kai rahoton duk wani mummunan lamari cikin kwana 15, kuma ta ba da kariya ga ma'aikacin da ya fallasa ɓarna. Tarar saɓawa tana iya kaiwa dala miliyan 1. Majalisar tarayya ba ta yi cikakkiyar doka ba, ga shi yawancin manyan kamfanonin a Kalifoniya suke zaune.

Ɗaliba: Malam, ni abin da ya fi damuna shi ne CalCompute, wato rumbun manyan kwamfutoci na gwamnati da masu bincike za su riƙa amfani da shi. Wanda ba shi da injin gwaji ba zai iya tantance iƙirarin kamfani ba, sai dai ya karɓi abin da aka faɗa masa.

Malamin jami'a: Gaskiyarki. Sai dai abin da dokar ta tanada kawai shi ne kwamitin tsara shi, kuma ba zai fara aiki ba sai an ware masa kuɗi a kasafi.