Muhawara: Littattafan yaran Zanzibar da suka yi hijira, shaida ce ko kewar gida?

Mai Kantin Littattafai: Jama'a, ga magana. Na karanta littattafan da wasu 'yan Zanzibar suka rubuta kan yarintarsu, waɗanda suka bar tsibirin bayan juyin juya halin 1964 da ya hamɓarar da Sarkin Zanzibar. Labarin kusan ɗaya ne: ƙamshin kanumfari, makarantar allo, jiragen ruwan da iska ke korowa daga Oman, Larabawa da Indiyawa da baƙar fata ana zaman lafiya, kwatsam dare ɗaya komai ya rushe. Ni dai na ce wannan ba tarihi ba ne, kewar gida ce ta 'ya'yan gata.

Malamin Tarihi: Alhaji, a kan "kwatsam" ɗin nan ina tare da kai. A rikicin zaɓen Yunin 1961 an kashe mutum 68. A zaɓen Yulin 1963 jam'iyyar Afro-Shirazi ta Abeid Karume ta samu kusan kashi 54 cikin ɗari na ƙuri'u, amma kujeru 13 kacal ta tashi da su cikin 31, ƙawancen jam'iyyun ZNP da ZPPP, abokan hamayyarta, ya kwashe 18. A haka Ingila ta miƙa mulki ranar 10 ga Disamba 1963, Sarki Jamshid na kan gado. Wata ɗaya da kwana biyu aka yi, John Okello, jagoran 'yan juyin, da mutanensa suka fasa rumbun makaman 'yan sanda ranar 12 ga Janairu. Wanda ya ce bai ga hayaƙi ba, to yaro ne a lokacin.

Hajiya Mai Ritaya: To ai ka faɗa da bakinka, Malam, yaro ne. Wa ya ce yaro ɗan shekara tara ya zo mana da lissafin kujeru? Abin da idonsa ya gani zai faɗa: an fita da mahaifinsa bai dawo ba, an ƙone shagonsu, an cusa su cikin jirgin ruwa. Kuma Alhaji, kalmar 'ya'yan gata ta yi nauyi. Sarki ya tsere ta teku, daga baya ya zauna a Ingila lafiya lau. Waɗanda aka fi yi wa yankan rago su ne ƙananan masu kanti 'yan asalin Oman da ke ƙauyuka, talakawa ne tilis. Har yau ba a daidaita kan yawan mamatan ba, wasu su ce ɗaruruwa, wasu su kai har 20,000. Idan aka watsar da shaidar yaran nan, da me za a ƙirga su?

Ɗalibin Jami'a: Mama, ki yi haƙuri in sa baki. Ban ce ƙarya suke yi ba. Tambayata ita ce, wa ya samu alƙalami? Yaron da ya tashi a gidajen dutse na tsohon gari shi ya yi boko, shi ya je London ko Maskat ya rubuta. Ina littafin yaron Ng'ambo, unguwar talakawa da ke tsallaken rafi? Sai 1897 aka soke bauta a tsibirin, shekara 67 kafin juyin. Jikokin bayin nan na zaune a gonakin kanumfari na wasu, kuma a ƙarshen shekarun 1950 an kori da yawa daga gonakin saboda sun bi Afro-Shirazi. Shi wannan yaron, 1964 a wurinsa ita ce shekarar da aka ce karatu kyauta ne, daga baya aka yanka wa ubansa eka uku ta gona.

Mai Kantin Littattafai: Yawwa, ɗana. Abin da nake nufi ke nan.

Hajiya Mai Ritaya: A'a Alhaji, ba shi kake nufi ba. Kai ka ce a jefar da littattafan, shi kuwa cewa ya yi ba su isa ba. Kai kuma ɗana, eka ukun gaskiya ce, amma ka ƙarasa labarin. Karume, wanda ya zama shugaba bayan juyin, ya haramta sauran jam'iyyu, bai sake yin zaɓe ba har aka harbe shi a Afrilun 1972. Abdullah Kassim Hanga, wanda yake cikin manyan gwamnatin juyin, a hannun gwamnatin nan ya salwanta. A 1970 aka aurar da 'yan mata 'yan asalin Farisa ga manyan jami'ai ba da yardarsu ba. A wancan zamanin wa ya isa ya rubuta wannan yana cikin tsibirin? Sai wanda ya fita.

Malamin Tarihi: Ni abin da ke damuna daban ne. Mai shekara saba'in ne ke rubutawa, ba yaron ba, kuma ya sha jin labarin daga iyaye a zaman gudun hijira har ya gauraye da nasa. Shi kansa Okello ya fitar da littafinsa a 1967, bayan Karume ya hana shi komawa tsibirin tun Maris 1964, kuma masana ba sa ɗaukar alƙalumansa ido rufe. Sikelin da muka ɗora shi a kai, shi za mu ɗora sauran.

Ɗalibin Jami'a: Malam, ai Okello kansa yake yabo, yana da abin karewa. Matar da ke ba da labarin yadda aka ƙone shagon mahaifinta me take karewa? Kada a haɗa su. Ni dai ƙorafina yana nan: Alhaji, a kantinka akwai ko ɗaya da ɗan Ng'ambo ko ɗan ƙauye a Pemba, ɗaya tsibirin na Zanzibar, ya rubuta da Swahili?

Mai Kantin Littattafai: Babu. Masu kawo mini kaya na Turanci kawai suke kawowa.