Shayar da na haɗa a ɗakin gona ɗiga kawai take yi, a taimaka da shawara

Manomin Gaya:

Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sanin harkar famfo ku zo ku fitar da ni. Ina da 'yar gona bayan Wudil ta hanyar Gaya, bara na yi ɗaki ɗaya ciki da baranda saboda lokacin aiki nakan yi kwana uku huɗu ban dawo cikin gari ba. Babu wutar NEPA babu ruwan famfo, rijiya ce kawai da guga. Wankan bokiti ba wai ya gagare ni ba ne, da shi muka tashi, amma bayana ya fara ciwo, in na yini a duƙe a cikin gyaɗa sai in ji ba na son in sake sunkuyawa ina kamfatar ruwa da moɗa.

To sai na kewaye gefe ɗaya da langa-langa, na sa mai walda ya yi min ƙafa ta ƙarfe tsayinta kamar mita 2 da 'yan kai, na ɗora shuɗin duro na roba mai lita 200, na ja fayif rabin inci zuwa ciki na sa kan shaya irin mai ƙyallin nan da na saya a Sabon Gari. Ranar farko da murnata na buɗe, ruwa ya zubo kamar na minti ɗaya sai ya fara ɗiga kamar rufin da ke yoyo, sabulu a ido ina tsaye, ƙarshe dai yaron da ke min aiki na ƙwalla wa kira ya miƙo bokiti ta sama. Yanzu tunanin da nake yi in sayi tanki mai lita 1000 ko zai fi tura ruwan. Sannan ga sanyi na tafe, ya zan yi in samu ruwa mai ɗumi ba tare da na hura wuta kullum ba? Ruwan wankan kuma yanzu kwanciya yake yi a bayan langa-langar.

Falamban Kurna:

Wa alaikumus salam Alhaji. Kar ka sayi tankin nan tukuna, kuɗinka kawai za ka ƙona, kuma ƙafar da aka yi wa duro in ka ɗora mata lita 1000 ka ɗora mata tan guda cur, don kowace lita kilo ɗaya ce. Wata rana kana ƙarƙashi za ta durƙushe, Allah ya kiyaye.

Abin da mutane da yawa ba sa ganewa shi ne girman tanki ba shi ke ba ruwa ƙarfi ba, tsayi ne. Tazarar da ke tsakanin saman ruwan da kan shayar, ita kaɗai ce ke turo shi. A lissafinmu mita 10 na tsayi shi ke ba da "bar" ɗaya, wato ma'aunin ƙarfin ruwa, kenan kowace mita kashi ɗaya cikin goma. Kai kuma gindin duronka yana mita 2 da ɗan abu, kan shayarka ma ai wajen mita 2 yake tunda dole ya wuce kanka, shi kuma duron tsayinsa bai kai mita ɗaya ba. Kenan ko ya cika maƙil abin da kake da shi kusan mita ɗaya ne, in ya yi rabi ka koma rabin mita, in ya kusa ƙarewa babu komai. Shi kuma wannan kan shayar mai ƙyalli an yi shi ne don gidan da ke da tanki a saman bene ko inji na turawa, hudojinsa kamar na allura, wasu ma a wuyansu akwai wata 'yar roba mai ƙaramar huda da aka sa don rage ruwa. Kwance shi ka leƙa, in ka gan ta sa tsinke ka zaro ta.

Amma ni abin da ya fi tsaya min a rai cewar da ka yi ya zubo na minti ɗaya sannan ya tsaya. Murfin duron a rufe yake gam? Don in iska ba ta samun shiga ta sama ruwa ba zai fita ta ƙasa ba, kamar dai ka kifa jarka ka ji tana gul-gul-gul. Je ka sassauta murfin ka gwada kafin komai. In shi ne, ka huda murfin ka sa guntun fayif mai lanƙwasa bakinsa na kallon ƙasa, ka ɗaure masa ragar sauro.

Bayan nan ka cire rabin incin nan ka sa inci ɗaya tun daga duron, sai dab da kai ka rage. Ka rage gwiwa-gwiwar da aka yi wa fayif ɗin, kowace lanƙwasa tana cin ƙarfi. Makunnin kuma ka sa irin mai hannu da ake juyawa sau ɗaya ya buɗe gaba ɗaya, ba kan famfo na murzawa ba. Wajen huda duron a bar kamar yatsa uku daga gindi saboda yashin rijiya ya samu inda zai kwanta. In da hali a ƙara wa ƙafar mita ɗaya da rabi, amma a binne ta da kankare a sa mata ƙarfe a gicciye, iskar farkon damina ba ta da wasa.

Manomin Gaya:

Malam na gode Allah ya saka. Wallahi murfin ni da kaina na murɗe shi da ƙarfi wai don kar ƙura ta shiga. Amma maganar ƙara tsayi, yanzu ma jarka takwas ake hawa tsani da ita kafin ya cika, yaron har ya fara min fuska. In na ƙara mita ɗaya da rabi ai sai ya gudu.

Mai Sola Na Bakin Kasuwa:

Hhhh Alhaji yaro ya yi gaskiya. Ni shawarata ka sauke duron ƙasa ma gaba ɗaya. Akwai ƙaramin injin tura ruwa mai aiki da batir 12V, girmansa bai wuce tafin hannu biyu ba, irin wanda ke cikin injin feshi mai caji, masu kayan sola da masu kayan noma duk suna da shi. Ka nemi mai kashe kansa, wato kana rufe shaya zai tsaya kana buɗewa zai tashi. Yana ba da kamar lita 4 zuwa 5 a minti ɗaya, wuta kuma yawancinsu wajen amfiya 5 suke ja, kenan wankan minti goma bai cinye amfiya-awa ɗaya ba, ko tsohon batirin mota da ƙaramin faifan sola zai riƙe ka har ka yi cajin waya ka kunna ƙwai biyu.

Abu uku kawai. Ka sa fis, wato ɗan abin da ke katse wuta in ta yi yawa, kusa da batirin. Ka sa 'yar matata kafin injin don yashi shi ke kashe shi, zai cinye robar ciki cikin ɗan lokaci. Sannan dan girman Allah kar wani ya ce maka a jawo wutar inbata cikin banɗaki, 12V ba za ta yi maka komai ba amma 220V ta inbata da jiƙaƙƙiyar ƙafa a siminti wata magana ce daban. Batirin ma a ajiye shi a ɗaki a jawo waya kawai.

Kuma tunda na ambaci injin feshi bari in faɗa, na ga wasu suna wanka da na goyon nan mai lita 16, yana yi kuwa sosai, amma sabo fil wanda bai taɓa ganin magani ba. Wanda aka taɓa zuba maganin ciyawa ko na ƙwari a ciki ko ka wanke shi da omo sau goma kar ya taɓa jikinka, roba tana shan magani. Haka shi ma shuɗin duron, ka tabbatar da abin da aka fara zubawa a ciki kafin ya zo hannunka.

Uwar Biyu:

Ku maza komai sai kun sa inji a ciki. Mu a gidan kajinmu bokitin fenti mai lita 20 maigidan ya huda a gindi ya sa makunni da kan butar ban-ruwan shuka, irin mai faɗin nan, ya ɗaura igiya ya rataya a ƙarfe da 'yar gargarar jan guga. Ka sauke ka zuba ruwa ka ja sama ka ɗaure igiyar a ƙusa, shi kenan. Ka jiƙa jiki ka rufe, ka yi saɓi, ka buɗe ka ɗauraye, ni da nake wanke kai ma yana isata har ya yi saura. Kuma maganar sanyi da kake yi nan ta fi sauƙi, tukunya ɗaya ta ruwan zafi ka sirka a bokitin daidai yadda jikinka ke so, ba sai ka ɗumama duro guda ba. Shekara ta uku kenan igiya kawai muka canja. Yaya ka fara gwada wannan kafin ka kashe kuɗi.

Falamban Kurna:

Hajiya kin gama magana, kan butar ban-ruwa shi ne daidai da ruwan da ba shi da ƙarfi saboda hudojinsa manya ne, ko a duron Alhaji shi zan ce a sa.

Kan ruwan ɗumi kuma, abin da nake yi wa mutane shi ne baƙin tiyo irin na noman rani, a naɗe shi kamar faifai a kan kwanon rufi inda rana ke duka, a haɗa shi tsakanin duro da shaya. Mita 50 na mai inci uku bisa huɗu yana ɗaukar wajen lita 15, wanka ɗaya kenan. Amma ka sani da azahar a bazara ruwan cikinsa zai iya saluɓe maka fata, dole a ja layin ruwan sanyi daban a haɗa su kafin kai, kuma kullum a fara tarawa da hannu. Sannan ba ya ajiye zafi, rana na faɗuwa yake hucewa, da asuba a watan Janairu ya fi na rijiya sanyi nesa ba kusa ba, don na rijiya da ɗuminsa yake fitowa. Kenan wankan la'asar ne maganinsa, na asuba sai dai dabarar Hajiya. In ka yi sati ba ka je gonar ba ka fara sakin ruwan da ya kwana a tiyon ya zube kafin ka shiga, ruwa mai ɗumi da ya daɗe a tsaye ƙwayoyin cuta na son sa.

Kuma kar a kuskura a shiga da kaskon gawayi a ja ƙofa wai don a ji ɗumi. Hayaƙinsa mai kisa ba ya wari ba a ganinsa, mutum jiri kawai zai ji ya zauna, shi kenan.

Dattijon Ƙauye:

Duk kun tsaya kan yadda ruwa zai sauko babu wanda ya tambayi ina zai tafi, alhali ɗana ya faɗa da bakinsa cewa yana kwanciya a baya. Taku nawa ne daga makewayin zuwa rijiyarka? Ƙasarku ta wajen Gaya rairayi ce, tana shanye ruwa da wuri, daɗinta kenan kuma illarta kenan, don yadda take shanyewa haka take kai shi inda ba ka so. Ma'aikatan lafiya mita 30 suke cewa a bari tsakanin ramin ƙazanta da rijiya, kuma ramin ya kasance ta gangare. In wajen wankan ana fitsari a ciki, kuma mun san ana yi, to ka ɗauke shi a matsayin ƙazanta.

Ka haƙa rami kamar mita ɗaya faɗi mita ɗaya zurfi, ka cika da fasassun bulo da duwatsu manya a ƙasa tsakuwa a sama, fayif ya shiga tsakiya, ka rufe da tsohon buhu ka mayar da ƙasa. Ni a nawa gwanda biyu da ayaba na dasa a gefe, ko da rani kore shar suke, amma ban yarda a kai wa alayyahu ko latas ba tunda wani ɗanye ake ci. Daɓen ciki a karkata shi wajen magudana kamar yatsa ɗaya a kowace mita, kar birkila ya goge shi sumul, ka ce ya bi da tsintsiya tun siminti na ɗanye don gansakuka in ta hau mai santsi kamar kuɓewa take. Ƙofar magudanar ka sa mata raga. Wata shekara da bazara na shiga nawa da magariba ba fitila, ina ɗaga bokiti sai ga kunama biyu a ƙarƙashi suna shan sanyin wajen, maciji ma laima yake bi ya zo neman kwaɗi. Tun ranar bokitina a rataye yake kwana.

Manomin Gaya:

Baba na auna yau da safe, taku 19 ne kacal tsakaninsu kuma rijiyar ce ma a ƙasa, gabana sai da ya faɗi. Zan ja fayif ɗin ruwan wankan zuwa can gefen kuka inda ya yi nisa in haƙa ramin a can.

Murfi kuma Malam Falamba kai ne da gaskiya, ina sassauta shi na ji ya ja iska fuuu, gefen duron da ya loɓa ciki ban ma lura ba ya dawo daidai, ruwa ya zubo bai tsaya ba har na gama. Ƙarfin dai ba wani can ba ne amma na zare 'yar robar nan kuma gobe kasuwa zan nemo kan butar da Hajiya ta ce. Injin batir sai bayan an sayar da gyaɗa in Allah ya kai mu. Mai Sola, faifai mai wat nawa zan nema in har da cajin waya da ƙwai biyu, kuma tsohon batirin Golf ɗina da ba ya tada mota zai yi ko shi ma ya gama?