Shu'aiba, Abhur ko Tuwal: ina zan kai Hajiya ta ga teku?

Baban Sadiya:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san hanya. Hajiyarmu ta zo umara daga Gusau, saura mako biyu ta koma, kuma ta kafe sai ta tsoma ƙafarta a Bahar Maliya, don ta tagar jirgi kawai ta taɓa hango shi. A Makka muke, wajen Shari' Mansur. Mu bakwai ne: ni, maiɗakina, Hajiya da yara huɗu, ƙaramar ba ta kai shekara uku ba. Mota ɗaya ce, ita ma aro. Juma'a kaɗai nake hutu, kuma ba kwana za mu yi ba. Hajiya na fama da gwiwa da hawan jini, ba ta iya doguwar tafiya cikin yashi, kuma dole banɗaki ya kasance kusa. Riyal 500 na ware, har mai da abinci. Ga shi muna tsakiyar Yuli. An ce min Shu'aiba, an ce Abhur ta arewacin Jidda, wani abokin aikina ya ce Tuwal. Wanne ya fi dacewa da tsohuwa da ƙananan yara?

Ɗan Rusaifa:
Wa alaikumus salam. Umluj kawai, Malam. Duk wanda bai ga ruwan Umluj ba bai ga teku ba.

Kaddad Mai Camry:
Ɗan Rusaifa, mutum ya ce maka yini ɗaya da motar aro, kai kana tura shi gaba da Yanbu. Sai dai ya isa ya yi wa ruwan sallama ya juyo.

Ummu Hanan:
Teku a Yuli? Ku haura Ɗa'if ku sha iska, ku saya wa Hajiya 'ya'yan itace a Hada. Zufar Jidda yanzu ko wanka ka fito sai ka sake jiƙewa kafin ka kai mota.

Kaddad Mai Camry:
Baban Sadiya, ni hanyoyin nan ne gonata, bari in faɗa maka yadda suke. Shu'aiba ta fi kusa da ku idan ka bi ta hanyar Lis, kuma ruwanta ya fi na cikin Jidda haske nesa ba kusa ba. Amma jeji ne. Inuwar da ka zo da ita ita ce inuwarka, ruwan da ka ɗauko shi za ka sha. Akwai kuma wuraren da ƙasar take bushe a ido, ƙasanta kuwa caɓi ne mai gishiri, mota ta hau sai ta zauna. Na taɓa ganin ƙaramar mota ta nutse har ƙofa, maigidan na tsaye da jallabiya yana ɗaga wa masu jif hannu. Da tsohuwa mai neman banɗaki ban ba ka shawara ba.

Tuwal wajen kilomita 80 take arewa da Jidda, can inda jami'ar KAUST take, wato daga Makka ka lissafa kusan awa biyu. An gyara bakin ruwan, akwai masallaci, akwai wurin zama, ruwan bakin gaɓa ba zurfi. A hanyar dawowa ga gidajen kifi a Zahaban. Kar ka fita da safe. Hukuma da kanta ta hana aiki a rana daga 12 zuwa 3 tun 15 ga Yuni har 15 ga Satumba, kai kuma za ka shanya tsohuwa a lokacin? Ku yi Juma'a a Makka, ku ci abinci, ku tashi wajen ƙarfe 3. Ka kiyayi Sahir, kyamarorin kama masu gudu, a hanyar Madina, tara ɗaya za ta cinye maka kuɗin kifi.

Malam Na-Madina:
Ni dai da za a bi tawa, Shu'aiba. Daga nan sahabbai suka shiga jirgi a hijirar farko zuwa Habasha, shekara ta 5 da aiko Manzon Allah (SAW). Ita ce tashar jiragen ruwan Makka har zuwa shekara ta 26 bayan hijira da Sayyidina Usman ya mayar da ita Jidda. Ko ruwan da kuke sha a Makka, daga matatar can ake turo da yawansa. Hajiya za ta fi jin daɗin ba da wannan labari a Gusau fiye da labarin lilo.

Maman Walid:
Ni abin da zan ce, duk inda za ku, kar wani ya ruɗe ku da shale, wato gidan hutu na haya a bakin teku, a Abhur. Bara muka yi, har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Gida shida muka haɗa gatta, wato karo-karo. Wata a cikinmu ta ga tallar shale a Snapchat, hoto ya yi kyau, ga yashi fari, ga yara na wasa a ruwa iya gwiwa. Aka ce riyal 1,800 yinin Juma'a, muka tura 600 kafin alƙalami. Tun daren Alhamis nake tsaye, na yi waina, na yi miyar taushe, maigidan ya je Bangala, kasuwar kifin Jidda, da asuba ya sayo kifi sha'ur. Muka isa bayan Juma'a, rana na dukan ƙeya, sai mai gadi ya leƙo motocin yana ƙirga kawuna da yatsa. Wai mutum goma aka yarda, duk wanda ya ƙaru riyal 100, har jariri a goye. Mu kuwa mun haura ashirin. Aka kira mai wurin, wayarsa a kashe. Haka mazan suka tsaya a bakin get suna zaro kuɗi daga aljihu, yara na kuka a mota.

Da muka shiga, na'urar sanyaya ɗaki ɗaya ce ke aiki, ita ma sai ɗigar ruwa take a kan kafet. Firji ya mutu. Kifin nan kafin la'asar ya fara wari, a bola ya ƙare. Kankana muka saka a bokitin ƙanƙara, ita kaɗai ta tsira. Tekun kuwa? Katangar siminti ce da tsanin ƙarfe mai tsatsa, ka sauka taki uku ruwa ya shanye ka. Yashin hoton na maƙwabta ne, an kewaye shi da waya. Surukata a mota ta yini, injin a kunne, tana jan carbi tana cewa ita dai a mayar da ita gida. Walid ya lallaɓa ta gefen duwatsu ya taka bushiyar ruwa, ƙayoyi baƙaƙe suka karye a dugadugansa, muka ƙare a asibiti da dare. Da za mu fita kuma aka riƙe riyal 500 na ajiya, wai gawayi ya ɓata tayil. Gawayin da ba mu ma hura ba, tunda kifin ya lalace!

Ummu Hanan:
Innalillahi. Sannu Maman Walid. Ƙafar yaron ta warke dai?

Maman Walid:
Ta warke alhamdu lillahi, amma ya yi kwanaki yana ɗingishi. Duk mai kai yara ruwan nan ya saya musu takalmin roba, ƙasan duk murjani ne da ƙaya.

Abu Fahad:
1,800? An cuce ku tun a farashi. Mu 900 muka kama, da wurin iyo na yara a ciki.

Maman Walid:
Wace rana?

Abu Fahad:
Talata.

Maman Walid:
To Talata wa ke zuwa teku in ba marar aikin yi ba? Je ka tambaya Juma'a cikin hutun makaranta ka ji.

Ɗan Jami'a:
Ni na duba a waya yanzu, ba na ƙasa da 2,500 a Abhur ta arewa ƙarshen mako. Masu shiga na yini kuma 150 kowane mutum.

Abu Fahad:
Wane 150? Ƙanina 300 ya biya, kuma ba a bari ka shiga da abinci, ko ruwan gora sai nasu.

Ɗan Rusaifa:
Maman Walid, wainar fa? Ita ma bola ta tafi? Don in ta rage a turo Rusaifa, ba ma ƙin ta bara.

Baban Sadiya:
Jama'a na gode, Allah ya ƙara sauƙi Maman Walid. Amma ni ban da kuɗin shale, 500 na ce. Tuwal ɗin kyauta ake shiga? Kuma akwai inda mota za ta matsa kusa da ruwa saboda Hajiya?

Kaddad Mai Camry:
Kyauta na sani.

Ɗan Jami'a:
A'a Alhaji, an ce yanzu an ba kamfanoni wasu wuraren iyo na Jidda, ana yankar tikiti. Na karanta a sharhin mutane.

Haifaffen Karantina:
Ɗan Jami'a, kai da ka sauka jiya da jakar littattafai, kai ne za ka koya wa Kaddad hanya? Mu a ruwan nan muka koyi iyo tun ba a san da Snapchat ba. Da ƙafa muke zuwa bakin teku daga unguwa. Teku ba a waya ake saninsa ba.

Ɗan Jami'a:
Yaya, ban raina ku ba. Amma Karantinar ma da kuke tafiya da ƙafa daga cikinta an rushe ta a rusau ɗin da aka fara a 2021, tare da unguwannin Sabil da Gulail da Bitrumin. Jiddar da kuka sani ba ita ce ta yau ba. Kurnish ɗin ma, wato wurin shaƙatawa na bakin tekun Jidda, sabon gyara ne na 2017.

Haifaffen Karantina:
Ka taɓo inda yake min ciwo, yaro. Yanzu can gabas da titin Haramain nake haya, kuɗin gida ya ninka, teku sai in yi wata shida ban gan shi ba. Wanda ya rage kuma duk an kewaye, ko'ina get da mai gadi.

Hajiya Babba:
Ku duka ku saurara. Shawarar namiji a maganar fita da yara rabi ce. Ku kuna zuwa ku shimfiɗa darduma ku miƙe ƙafa kuna shan shayi, mu ke yawon neman banɗaki da yaro a hannu, mu ke wanke gishiri a jikinsu da ruwan jarka. Baban Sadiya, ɗana, ka ji ta uwa. Tsohuwa ba iyo za ta yi ba. Ka kai ta kurnish ɗin Jidda bayan la'asar, tafiyar awa ɗaya ce daga Makka. Ku yi magariba a Masallacin Rahma, wanda aka gina a kan ruwa, za ta ga igiyar ruwa na dukan ginshiƙansa ta ƙasa. Daga nan ku gangara Hamra ta ga ruwan Sarki Fahad da ke tashi sama mita 312, da dare ake haska shi. Akwai banɗaki, ƙasa a shafe take, ko keken turawa ka aro zai tafi. Ka ɗauko mata kujerar roba da maganinta. Ku sayi kajin Albaik ku ci a kan ciyawa. Ba za ka kashe rabin kuɗinka ba.

Baban Sadiya:
Allah ya saka da alheri Hajiya. Sai dai ta ce ƙafa take so ta tsoma, kuma na ji a kurnish ba a bari.

Kaddad Mai Camry:
Ba ko'ina ba, sai inda aka keɓe. Inda ka ga allon hana iyo kar ka gwada, masu tsaron iyaka na zagayawa, kuma don lafiyarka ne: bayan murjanin nan ƙasa yankewa take lokaci guda. Ka ajiye lambarsu, 994.

Wad Bur Sudan:
Ya jama'a, duk wannan wahala a kan ruwa? A Bur Sudan sai ka sayi jabana, gahawarmu, a bakin teku, ka zauna a kujerar mai shayi har dare ba mai ƙirga kanka. Ko ka tafi Sawakin, inda kakanninmu suka riƙa hawa jirgi zuwa Jidda. Allah ya kawo mana zaman lafiya mu koma.

Ɗan Rusaifa:
Amin. Baban Sadiya, ga mafita: ka cika baho da ruwa, ka juye gishiri leda biyu, ka kunna fanka. Riyal 5 ta isa, ka turo min 495 na shawara.

Ummu Hanan:
Maman Walid, ni tambayata, kuɗin da aka ƙara a get ɗin wa ya biya? Don na san halin mutanenmu a gatta.

Maman Walid:
Hmm. Kin taɓo babbar magana. Raba daidai aka yi, gida shida. Ni da yara biyu na biya daidai da wadda ta zo da yara bakwai da ƙanwar miji da wata baƙuwa da ba wanda ya san da zuwanta. Gida ɗaya kuma har yau ba su cika nasu ba, kullum sai “in albashi ya shigo”.

Abu Fahad:
Ai gatta da kai ake yi, ba da gida ba. Babba cikakke, yaro rabi.

Hajiya Babba:
Haba Abu Fahad. Mai yara bakwai da ke biyan riyal 400 duk wata a kan kowane kai kafin a sabunta iƙama, takardar izinin zama, shi za ka sake ƙirga wa kawuna a wajen shan iska? Tun 2017 da aka fara kuɗin nan da riyal 100 gidaje nawa suka mayar da iyali gida? Wanda ya rage da nasa a tausaya masa.

Maman Walid:
Hajiya, ni ma biya nake, ba kyauta nake zaune ba. Tausayi daban, a mayar da kai saniyar tatsa daban. Kuma wadda ba ta biya ɗin ba, sati biyu bayan nan na gan ta da sabuwar waya.

Abu Fahad:
Shi ya sa ni yanzu sai kuɗi ya shigo hannu nake rubuta suna. Ba kuɗi, ba kujera a mota.

Ummu Hanan:
Mu a gattar layya ma haka aka yi mana, wanda bai cika kuɗi ba shi ya fara zaɓar cinya.

Baban Sadiya:
Jama'a don Allah, Alhamis ce gobe, mai motar na jira in faɗa masa ƙarfe nawa zan karɓa. Akwai wanda ya je Tuwal cikin watan nan?

Haifaffen Karantina:
Ummu Hanan, wace shekara ce wannan layyar? Don in wadda nake zato ce, ni ma ina ciki, kuma ba haka aka yi ba.