Jacques de Molay: amsa laifinsa za a ɗauka ko janyewarsa?

Mai Neman Sani:
Malamai, ina neman ƙarin haske kan Jacques de Molay, shugaban ƙarshe na Templar, ƙungiyar mayaƙan Kirista ta zamanin yaƙe-yaƙen Salibiyya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a 1307 ya amsa cewa ya yi musun Almasihu ranar da aka shigar da shi ƙungiyar, amma a 1314 ya ce ƙarya ya shara, ya gwammace a ƙone shi. Wace maganar ce gaskiya?

Ɗalibin Tarihi:
Malam, a dubi halin da ya yi maganar farko. Tun da birnin Akka ya faɗa hannun Mamluk, masu mulkin Masar a lokacin, a 1291, ƙungiyar ta koma tsibirin Kubrus da tarin dukiya, ga shi ba ta da sauran ƙasar da za ta tsare, shi kuwa Sarki Filib na Huɗu na Faransa bashi ya yi masa katutu. Ranar Juma'a, 13 ga Oktoba, 1307, ya sa aka kame 'yan ƙungiyar a faɗin ƙasarsa, alhali kwana ɗaya kafin nan de Molay yana cikin manyan da suka raka gawar matar ƙanin sarkin. An gana wa fursunonin azaba, saboda haka ni ban ɗauki wannan amsa laifi a bakin komai ba.

Tsohon Malami:
Na yarda, sai dai ba zan wanke shi tas ba. Ya dogara ga Fafaroma Clement na Biyar, wanda bai iya ja da Filib ba, har ya ƙi kare ƙungiyar a gaban kwamitin bincike, yana cewa sai a gaban Fafaroma zai yi magana. Yana cikin wannan shirun aka ƙone mabiyansa 54 a wajen birnin Paris a watan Mayun 1310, aka rushe ƙungiyar a 1312. Sai a watan Maris na 1314, da aka yanke masa ɗaurin rai da rai a gaban majami'ar Notre-Dame, ya miƙe ya wanke ƙungiyar, shi da Geoffroi de Charney, wani babban jami'in ƙungiyar, a yammacin ranar kuma aka ƙone su a wani ɗan tsibiri cikin kogin Seine.

Mai Neman Sani:
Na gode. Batun bakin da aka ce ya yi wa sarki da Fafaroma lokacin da ake ƙone shi, cewa za su mutu cikin shekara guda, fa?

Tsohon Malami:
Clement ya rasu a Afrilu, Filib a Nuwamba, duka a 1314. Bayan rasuwarsu ne labarin ya bazu.